Aljihu na Goma Sha Bakwai

A Toledo, bayan gidan mai, daura da layin dogo,
akwai tsohon kantin kujeru da aka mayar makaranta.
Ni ne mai ƙofa.
Bakwai da rabi nake murɗa makulli,
sanyi na cizon yatsuna ta cikin safar hannu,
yara na isowa ɗaiɗai, kamar famfo mai yoyo.

Waɗanda manyan makarantu suka tofar ne.
Wannan dambe ya yi, waccan ta haihu tana aji goma,
wancan a kan tebur yake barci
don dare ya ƙare masa a wankin motoci.
Takardun laifinsu sun fi su nauyi.

Dokar farko: waya ta wuni a aljihun bango,
kowa da lambarsa, sai ƙarfe biyu.
Hula a hannu. A gaishe ni ko da ido ne.
In zuciya ta tafasa, ɗaga koren kati,
ɗakin shiru na nan, minti goma,
ba mai tambayarka dalili.
Amma in ka jefa kujera,
ran Asabar kai za ka ɗora mata ƙafa,
da ni, da guduma, da ƙusa.

Makara uku, Malama Pruitt ba ta rubuta wasiƙa,
mota take tayarwa.
Ta taɓa danna ƙararrawar wani gida
har maƙwabta suka fito kafin yaron.

Bayan ajin lissafi akwai injin wanki,
don mun gano ba daƙiƙanci ke hana wasu zuwa ba,
warin riga ne.
Akwai ɗakin jarirai. Yesenia na rarraba lambobi,
kunne ɗaya ga malami, ɗaya ga bango.
Ran Juma'a, jakar taliya da gwangwanin wake a bakin ƙofa,
ni kuwa in juya baya, wai makulli nake nema.
Yunwa ma tana da kunya.

Aljihu na goma sha bakwai na Tavion ne.
Wata biyu bai ce mini uffan ba.
Ranar gyaran kujerar da ya karya
na miƙa masa guduma, ni na riƙe ƙusa.
Ya dube ni. “Ba ka tsoro?”
Na ce, “Buga.”
Bai kuskure ba.

Sai Nuwamba ta zo, ya ɓace.
An tashe su daga gidan haya, in ji wasu,
wasu suka ce Detroit.
Malama ta je, ta tarar da katifa a waje
dusar ƙanƙara ta yi mata mayafi.

Doka ta ce kwana ashirin, a cire suna,
akwai yara sittin a layi suna jiran gurbi.
Na san gaskiyarta.
Na ɓamɓare sunan daga bango,
na ninke takardar, na cusa a hulata.
Keziah ta gāji lambar, yarinya mai in'ina,
wadda ke zana tsuntsaye a gefen jarrabawa.
Ita ma gurbin ya dace da ita.
Abin da ya fi ciwo ke nan.

Akwai ƙararrawar tagulla a zauren shiga,
wanda ya kammala darussansa shi ke kaɗa ta.
Sau tara ta yi kuka bana.
Duk sanda ta yi, sai na taɓa hula.

Wata Talata a Fabrairu, bakwai da kwata,
ina kankare ƙanƙara a bakin matakala,
sai ga takalman da na sani, sun buɗe baki.
Ya rame. Ya yi tsawo.
Hula a hannu.
Ya miƙo waya mai fasasshen gilashi,
ya dubi bango, ya ga sunan wata.

Doka ta ce ya koma ƙarshen layi,
takardu, sa hannu, jiran wata uku.
Wannan maganar Malama ce, tana hanya.
Ni mai ƙofa ne.

Na ce, “Shiga ka ji ɗumi.”
Na karɓi wayar,
na buɗe aljihun rigata.